Kukan Kaset

A shekarun da bam ya fara tashi a tashoshin motar Gombe, kowa ya zama ɗan sandan maƙwabcinsa. Ni kuwa ina Bagadaza, ina fama da tsohuwar kwamfutar da kawuna ya bar mini, irin wadda ake jonawa da talabijin. Ba ta da wurin ajiya a cikinta. Duk manhajar da ka rubuta sai ka ɗauke ta a kaset ɗin rediyo. In ka sa kaset ɗin a rediyo kuwa, ba abin da za ka ji sai ƙara mai tsinka kunne.

Ba wanda ya damu da wannan shirme nawa sai wani malamin lissafi da ya gudo daga Yobe, ya kama ɗaki a gidan hayar da nake zaune. Shi ya koya mini rubuta 'yar manhajar da za ta gyara fayil ɗin rubutu, ta karya dogayen layuka su zauna daidai a fuskar talabijin. Ya rubuta tasa, na rubuta tawa, muka yi ta musayar kaset a zaure. Na ji daɗin mutumin nan ƙwarai.

Ashe ana kallonmu. Baƙo daga Yobe, ba ya hira, kullum yana miƙa kaset a zaure. Wata rana kaset ɗinsa ya ɓace daga kan tagata. Na zargi telan gidan, na zargi matar mai gida, har mai kawo mana ruwa ban bari ba. Har yau ban san ko wane ne ba, kuma har yau ban yafe ba.

Ana gama la'asar sai ga mai unguwa da mai gida a ɗakina, da kaset ɗin a hannu, malamin na biye da su.

"Malam, mun saurara," in ji mai unguwa. "Ba wa'azi, ba waƙa. Wannan kukan, da wa kuke magana?"

"Ranka ya daɗe, ba magana ba ce," na ce. "Yanzu za ka gani da idonka."

Na jona komai, na danna. Ƙarar ta cika ɗakin, mai gida ya ja baya har bakin ƙofa. Muka zuba wa talabijin ido. Sai injin ya ce ya kasa karantawa. Rediyon da suka saurara da shi ya tauna zaren kaset ɗin. Na sake, na sake, ya ƙi.

Malamin ya riga ya san irin kallon da suke masa.

Mai gida ya ce da shi, "Ba na zarginka, amma ina da iyali. In sojoji suka zo, har da ni za su kwasa." Ni ɗan gari ne, an san ubana, ba wanda ya ce mini in tashi. Shi kuwa kafin Juma'a ya ɗaure kayansa, bai faɗa wa kowa inda ya nufa ba.

Bayan tafiyarsa na zauna na miƙe zaren da bayan cokali, na naɗe shi da biro, na gwada. Injin ya karanta. Layukan suka jeru tsaf, yadda malamin ya ce za su yi. Na miƙe da sauri na nufi ɗakinsa, sai na tarar tela ya riga ya shigar da kekensa ciki.