Duwatsu Ashirin na Mushe Labbo

Ranar Litinin, goma ga Oktoba 2022, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, Malam Anas ya fara haɗuwa da Labbo mai faci a ofishin shugaban wata ƙaramar sakandare a Sabon Birni. An ba Labbo kujera ya ƙi zama. Dogo ne siriri, hannunsa baƙi ƙirin da dauɗar taya, yana kai yana kawowa tsakanin ƙofa da taga.

Abin da ya kawo shi ya faru ne ranar Alhamis da ta gabata. Malam Anas ɗan Tambuwal ne, watansa ɗaya da zuwa garin don koyar da Faransanci. Yana cikin rubutu a allo sai wata sabuwar ɗaliba, Sadiƙa, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe!" Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa a saninsa mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Ya sa ta durƙusa a rana har aka tashi. Tun ranar ba ta sake zuwa ba.

"Malam, mi kake karantarwa?" in ji Labbo.

"Faransanci."

"To in za a kira babban mutum da Faransanci, mi aka cewa?"

Malam Anas ya jawo takarda ya rubuta *monsieur*.

"Ban ce ka rubuta ba. Hwaɗi da bakinka."

"Monsiyur."

Labbo ya dubi shugaban makaranta, ya dubi rufin ɗaki. "Ɗiyata shekara shida tana karatu a Madarunfa, cikin Nijar. Can kowane malami Mushe aka ce mai. Kalmar ga da ka rubuta ita ta hwaɗi, yadda bakinmu ka iya ta. Girmama ka ta yi, ka shanya ta a rana."

Shugaba ya ce za a fara jarrabawa biyar ga Disamba, kuma duk ɗalibin da bai dawo ba kafin ranar za a soke sunansa. Labbo ya ce yarinya ta rantse ba za ta koma ba, shi kuma ba zai ja ta da igiya ba. Sharaɗinta ɗaya: malamin ya zo gida ya ba ta haƙuri da harshen da yake koyarwa, ta amsa masa, ya ji abin da ta ce.

Washegari Malam Anas ya je rumfar faci a bakin tasha, ya faɗi gaskiya. Yana da takardar shaida, ya haddace sauye-sauyen aikatau kaf, amma bai taɓa hira da kowa da Faransanci ba.

"Na sani," in ji Labbo. "Dawo bayan la'asar. Kak ka zo da littahi."

A Tsamaye aka haifi Labbo. Yana ɗan shekara goma sha tara ya bi motar gero ya tsallaka Maraɗi. Ya yi wa wasu masu haƙa rijiyoyi dafuwa, ya yi gadi, daga baya ya koyi faci, kuma bai taɓa cika shekara uku a gari ɗaya ba sai Madarunfa, inda matarsa Mairama ta kafe sai yarinya ta yi karatu. Faransancinsa a kunne ya tsince shi. Direbobi suka riƙa zuwa rumfarsa don su iya magana da jandarma, wato 'yan sandan Nijar, da ma'aikatan kwastan, har sunan Mushe ya bi shi, alhali bai taɓa zama a aji ba. A shekara ashirin na wannan aiki ya lura da abu ɗaya: wanda bai yi boko ba cikin wata biyu bakinsa ke buɗewa, mai takarda kuwa sai ya tsaya yana gina jimla a cikinsa har mai tambaya ya gaji ya wuce.

Don haka ya ƙirƙiro dabararsa. Yakan zuba ƙananan duwatsu ashirin a aljihun dama. Duk kuskuren da ɗalibi ya yi, sai ya gyara masa, ya mayar da dutse ɗaya aljihun hagu. Darasi ba ya ƙarewa sai aljihun dama ya zama wayam. Shiru ba ya motsa dutse. Kuma ba a zaune ake yi ba: daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa bakin gulbi, a dawo, Labbo na gaba yana nuna buhu, yana nuna jaki, yana jefo tambaya ta kan kafaɗa.

Ranar farko har aka kira magariba duwatsu huɗu kawai suka tsallaka.

"Malam, kai ko kuskure ma rowa tai kake yi?" in ji Labbo.

Ran kasuwa ya tura shi wajen fataken Nijar. Malam Anas ya tattara ƙarfinsa ya gaida wani mai dabino da Faransanci. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Lahiya lau, Malam. Na nawa za a ba ka?"

"Kai, ɗan Maraɗi!" Labbo ya daka masa tsawa. "Mutum ya yi zuhwa ya haɗa maka Faransanci, ka maido mai da Hausa? Sake!"

A mako na uku duwatsun kan ƙare kafin su kai gulbi. Amma akwai jimla ɗaya da Malam Anas ya ƙi furtawa, wadda ake roƙon mutum ya maimaita a hankali. In bai ji ba sai ya gyaɗa kai. A ganinsa malami ba ya cewa bai gane ba. Labbo ya yi faɗa har ya gaji. Shi kuwa Malam Anas kullum da safe in ya kai sunan Sadiƙa a kiran suna, sai ya ɗaga kai ya dubi kalanda.

Ranar Litinin, ashirin da takwas ga Nuwamba, saura mako guda, suka shiga zauren gidan Labbo. Mairama na bayan ƙyaure. Sadiƙa ta fito ta tsaya jikin bango. Malam Anas ya ba da haƙurinsa tsaf, don ya kwana uku yana bitarsa. Yarinyar ta buɗe baki ta zubo magana kamar ruwan indararo. Kalma biyu kawai ya kama.

Kansa ya fara sunkuyawa zai gyaɗa, sai ya ji duwatsu na ƙara a aljihun Labbo. Ya share zufa, ya dubi yarinya 'yar shekara goma sha uku, ya ce, "*Répète doucement, s'il te plaît.*"

Sannan ta maimaita, kalma bayan kalma. Cewa ta yi zafin rana bai dame ta ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ba wanda ya tambaye ta me take nufi. Malam Anas ya ji duka. Ya amsa mata da Faransanci mai ɗingishi cewa yau ga shi ya tambaya. A cikin wannan amsar tasa, Labbo ya tsallakar da duwatsu uku.

"Saura sha bakwai," in ji shi. "Tashi mu tai gulbi."

Ranar Talata Sadiƙa ta koma aji. Da ta ɗaga hannu ta ce "Mushe", wasu sun yi dariya, Malam Anas kuwa ya amsa. Ta rubuta jarrabawarta, kuma yanzu tana babbar sakandare.

Labbo bai daɗe ba. Bayan damina ta 2023 ya bar Mairama da yarinyar a Sabon Birni, ya kwashe kayan facinsa ya koma Bafarawa. Wata takwas ya yi a can. Labarin ƙarshe da aka samu, daga bakin wani direba, shi ne yana tashar Ɗan Isa a tsallaken iyaka, yana faci da safe, bayan la'asar kuma yana zagaya gari da direbobi biyu a bayansa.