Injin da Bai Huce Ba

Shekara ashirin da shida Asnake Belayneh ya yi yana wanke cikin injunan jiragen sama a wata rumfar gyara a Addis Ababa. Matarsa kan ce ta auri mai wanki, amma ko cokali bai taɓa wanke mata ba.

Aikin ba shi da kwarjini. Ƙura kan manne a ƙananan fukafukan da ke matse iska cikin injin, sai ya riƙa shan mai fiye da kima, yana ƙara zafi da hayaƙi. Maganinsa tataccen ruwa. Sai dai a rumfarsu doka ce a bar injin ya huce awa shida, don ruwa a kan ƙarfe mai zafi tsaga shi yake yi. Asnake bai taɓa rage ko minti ɗaya ba, kuma shi ke sa hannu a takardar aikin.

A watan da 'yarsa Tiruwork ta rasu aka kawo sabon manaja, Ato Dagnachew, wanda ya yi kwas ɗin mako uku a Turai ya dawo bakinsa cike da zancen tsabtar iska. Aikinsa na farko shi ne liƙa hoton koren ganye a kowace ƙofa, har ta bayan gida. Na biyu, raba korayen huluna.

Asnake ya dawo aiki da baƙar hular makoki da gemun da bai aske ba. Manaja ya tare shi a gindin wani injin, ya kira shi Gashe, yadda ake kiran dattijo a can.

"Gashe Asnake, Allah ya ba da haƙuri. To, ranar Alhamis manyan baƙi za su zo da masu ɗaukar hoto. Ƙarfe goma za ka yi wanki a gabansu. Wannan hular kuma a ɗan ajiye ta, tana ɓata hoto."

"Ƙarfe nawa jirgin da za a wanke zai sauka?"

"Takwas."

"Wanki ƙarfe biyu ke nan."

"Sha biyu za su tafi cin abinci."

"Su ci su dawo. Injin ba ya guduwa."

Zeleke, tsohon abokin aikinsa, ya leƙo daga kan tsani. "Gashe, sa koriyar mana. An ce da ka ɗora ta hayaƙi ke raguwa."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Manaja ya ce akwai mutane da yawa da ke son wannan matsayi. Asnake ya ce ya sani, kuma duk cikinsu babu wanda injin zai huce wa da wuri.

Ranar Alhamis ya zo da baƙar hularsa, ya tsaya gefe, hannuwa a baya. In babu sa hannunsa, ba mai zuba ruwa a cikin injin. Sai manaja ya ɗauki tiyo da kansa ya feshe bayan murfin injin, inda ruwan sama ke wankewa kyauta. Baƙi suka yi tafi. Wani a cikinsu ya shaƙi iska ya ce har ya fara jin bambanci.

Ƙarfe biyu, bayan rumfa ta watse, Asnake ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya daɗe a haka. Sannan suka yi wankin shi da Zeleke. Da aka gwada injin, zafinsa ya sauka da digiri goma sha ɗaya. Adadin ya fito a mujallar kamfanin, ƙarƙashin hoton manaja da tiyo.

Ranar Litinin aka mayar da Asnake ɗakin ajiyar tayoyi. Yana can har yau. Da rana yakan buɗe ƙunshin gurasar injera da miyar shiro ya ci shi kaɗai, jirage na wucewa ta sama, yana gane mai datti daga kukansa.

Wanda ya gaje shi kan zo a ɓoye, koriyar hula a aljihu.

"Gashe, manaja ya ce awa huɗu ta isa."

"Sunan wa zai hau takardar?"

"Nawa."

"To, shida."