Na Bar wa Maigidana Addu'a, Aka Tafi da Shi Soja

A lokacin ina yarinyar mace mai ɗa guda, muna zaune a wani ƙauyen dutse tsakanin Buza da Keita. Maigidana ya karɓi addinin Kirista a kudu inda yake zuwa cin rani, ni kuma na bi shi kamar yadda nake bin shi gona. Mu kaɗai ne Kirista a garin. Kowace safiya shi ke durƙusawa ya yi addu'a, ni ina gefe ina cewa amin, hankalina yana kan daka.

Da yaƙin Turawa ya tashi, aka zo daga Madawa ɗibar soja, ya faɗa cikin waɗanda aka zaɓa. Ya roƙe ni kada in bar addu'a, na ce to. Na ɗan taɓa, sai damina ta sauka. Ga noman gero ni kaɗai, ga ɗebo ruwa daga kwari, kullum sai in ce gobe. Har aka yi girbi ban koma ba, kuma ban ji na rasa komai ba.

Da bazara sanƙarau ya shigo garin, ya kama ɗana. Da na ga wuyansa ya ƙage, na durƙusa gefen tabarma na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba. Kalmomin na maigida ne, ban taɓa riƙe su ba. Yaron ya rasu kafin la'asar. Ba na cewa da na yi addu'a da ya tashi, don yara da yawa sun tafi a shekarar, har na gidan liman. Ni dai na rasa inda zan kai baƙin cikina.

Surukata Musulma ce, ba ta taɓa son hanyar da ɗanta ya ɗauka ba. Bayan an watse zaman makoki ta iske ni zaune bayan rumbu.

Ta ce, "Ɗiyata, ku ba ku da lokutan ibada ne?"

Na ce, "Inna, mu kowane lokaci muna iya yi."

Ta ce, "Shi ya sa ba ki yin ko ɗaya. Ki zaɓi guda ki riƙe."

Na zaɓi hantsi, in na sauke tulu. Da fari sunan yaron kawai nake faɗa. A hankali magana ta zo. Ranar da na yi jinkiri, Inna ce ke leƙowa ta tambaya ko na yi.

Maigida bai dawo ba. Wani da aka ɗebe su tare ya kawo labarin rasuwarsa bayan yaƙi. Na yi kuka, amma ranar na durƙusa kuma na sami abin faɗa.

Yanzu na tsufa. Ina gaya wa 'yan'uwa masu bi, musamman mata, kada ku jingina addu'arku a bakin wani, ko da mijinku ne. Ku tsai da lokaci tun kuna lafiya, don ranar da ciwo ya shigo ɗaki ba a samun sararin koyo.