Yadda muka rufe Baba Kwami mai gyaran keke

Shekara talatin da wani abu Baba Kwami ya yi a Sabon Garin Sakkwato yana gyaran keken ɗinki. Daga Togo ya zo da akwatin kayan aikinsa, bai yi aure ba, bai koma gida ba. Babu telan unguwar nan da kekensa bai taɓa shiga shagonsa ba. Yakan kara kunne jikin keke, ya juya shi sau biyu, ya faɗa maka ciwonsa. Nawa keken, da na ciyar da marayuna huɗu da shi, shi ya riƙe mini shi.

Ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Na yi masa nasiha har na gaji. Da ciwo ya kwantar da shi, na kai masa kunu asibiti, ya ce, "Tani, in na mutu kar ku laƙa mini abin da ban yi ba. Ku rufe ni kawai."

Ran Talata ya cika. Liman ya ce ba zai sallace shi ba, gaskiyarsa. Fasto ya ce ba nasu ba ne, shi ma gaskiyarsa. Gawa ta kwana biyu a asibiti, a garin da wanda ya mutu da hantsi ba ya kai la'asar ba a rufe shi ba. Ma'aikata suka ce in Juma'a ta wuce za su haɗa shi da gawawwakin da ba su da kowa.

Sai ga Mode, shugaban teloli, da dabararsa: tunda ni ce a kansa, in ce na ji ya yi kalmar shahada, a wuce wurin. Na ce, "Malam Mode, in yi ma Allah ƙarya, in yi ma mamaci ƙarya, don kar ku ɓata yini guda? Ginar rami anka hana ku?"

Malam Sodangi, tsohon hedimasta, shi ya ɗauki nauyin. Ya samo wuri a gefen maƙabartar baƙi, muka tsara abin a zaurena. Ba salla, ba waƙa. Zai tsaya ya faɗi sunan mamacin, ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abu guda da ya sani game da shi. Tunda mata ba ma bin gawa, ya ce a kawo gawar ƙofar shagon mamacin a yi maganar a nan don mu ma mu samu baki.

Teloli sun fi arba'in a layin nan. Tara suka zo. Na ƙirga su, na san sauran da sunayensu. Da aka kira ni, duk abin da na shirya ya gudu. Na ce dai kekena bai taɓa kwana biyu a lalace ba. Malam Sodangi ya jira, ya ga babu ƙari, ya ce a ɗauki gawar.

Makon jiya keken ya fara tsallake zare. Na lulluɓe shi da zane, ban kai wa kowa ba tukuna.