Gwaggo Hajo da maganin jini na jijiya

Bana shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran Gwaggo Hajo a Karofane. Ƙanwar mahaifina ce, kuma ungozomar unguwarmu. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma in mai ciki ta zo gaishe ta, sai ta ja fatar idonta ƙasa ta duba. In ta ga fari, ba a zauna lafiya ba sai an je asibiti.

Rigimarta da mu ɗaya ce: ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo. Mu sha kwana biyu, tashin zuciya ya taso, mu tura sauran ƙarƙashin katifa. Ni ma na yi, a cikina na fari. Da ta gano ba ta yi faɗa ba. Kullum bayan la'asar takan zo ta zauna har sai na haɗiye. Wata uku tana haka, har na haifi Rabi.

Watannin baya, Rabi na da cikin wata bakwai, ko tsakar gida ta ratsa sai ta dafa bango tana haki. Ƙwaya ba ta zama cikinta. Majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya auna jininta, ya ce ya yi ƙasa ƙwarai, a kai ta Madawa a sa mata maganin ƙarin jini ta jijiya.

Da aka rataya ledar maganin a Madawa, ruwan ja-baƙi kamar shayin da ya dahu, Rabi ta riƙe hannuna.

"Inna, abin ga ba ya taɓa ɗan?"

Malamar asibitin ce ta amsa. "Ku biyu za shi taimaka. Ina nan zaune. In kin ji ƙaiƙayi ko nauyin numfashi, ki hwaɗa mini."

Ba ta tashi ba har ya ƙare. Bayan nan ma ta tsare mu tana duba tansiyo, wato awon hawan jini, sannan ta rubuta ranar komawa a karne, katin awon Rabi. Ranar ta zo, Rabi ta ce ai ta ji sauƙi, ga wahalar hanya. Na ɗauko mayafinta na tsaya bakin ƙofa. Muka koma.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce. Na san da farko za ta tsare malamar da tambayoyi, don ba ta saurin yarda da sabon abu. Amma ta wanke gawar mata da yawa da jini ya ƙare musu wurin haihuwa. Ba na shakka ita za ta riƙa tara masu ciki a mota zuwa Madawa.

Rabi ta sauka lafiya. Gwaggo ba ta haihu ba, ko hoto ba ta bari ba. Ranar suna na dubi matan da suka cika gidan, masu daka da masu goyon jikoki, na rasa wadda ba ta bi ta hannunta ba. Allah ya jiƙanta, ya saka wa masu wannan aiki.