Maman Auta a Cikin Filasma

Duk unguwar ba wanda ya san shi da wani suna sai Malam Murmushi. Shekara talatin da biyar ya yi yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago da ke tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa, ko hoton fasfo ya kawo shi ko na neman aiki, sai ya ji abu ɗaya: "Ɗan murmushi, ɗan murmushi." Da haka sunan ya bi shi ya manne.

Siririn mutum ne, mai saurin tafiya, mai sanyin hali, sai dai in an taɓo hoto. Ka ce takalminsa ya tsufa, zai taya ka dariya. Amma ka kuskura ka ce hoton waya ya kai na kyamara, to ka nemi wurin zama, don ba yanzu za ka tafi ba.

A shagon nan ya samo matarsa. Ta zo ɗaukar hoton shiga makarantar koyon jinya, ta ɗaure fuska tamau. Ya ce ɗan murmushi har sau uku, ko gezau. Yana ja da baya don ya gyara fitila, ƙafarsa ta harɗe da waya, ya tafi luuu ya zauna daɓas a cikin bokitin wanke hoto. Yarinyar nan ta tuntsire da dariya. Shi kuwa, daga zaune a cikin ruwa, igiyar maɓallin kyamara tana hannunsa, ya matsa. Hoton bai yi wa makaranta amfani ba, amma shekara na zagayowa aka yi aure.

Da talabijin ɗin filasma suka shigo kasuwa, ya tattara ya sayi ɗaya, inci hamsin, ya kafa ta a tagar shago don talla. Masu kwamfuta suka zuba masa hotuna arba'in a ɗan faifai, suka nuna masa yadda za su riƙa sauyawa da kansu. Ya ce ya gane. Daga ranar har shekara bakwai, hoto na farko ne a gilashin tun safe har a rufe shago, wato na yarinyar da ke dariya. In an tambaye shi sai ya ce rimot ɗin ne ke da matsala.

To filasma tana da wani hali: in hoto ɗaya ya daɗe a kanta, sai ya ƙone a gilashin, ya bar inuwar da ba ta gogewa. Kuma a juye yake ƙonewa, inda yake fari ya yi duhu, inda yake duhu ya yi haske. Da wayoyi suka cinye kasuwar hoto, Malam Murmushi ya rufe shago ya kawo talabijin gida, sai ga inuwar matarsa, Maman Auta, a cikin kowane shiri. Mai karanta labarai yana bayani, haƙoranta suna goshinsa, baƙi ƙirin. Ana buga ƙwallo, idonta yana tsakiyar fili.

"Baban Auta, ka fitar mini da wannan fatalwar daga falo," in ji ta, kusan kowane mako.

Shi ba fatalwa yake gani ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana ɗaga fim a gaban jar fitila ya iya karanta hoto a juye, kamar yadda kai kake karanta suna a jikin ƙofa. Akwai kuma abin da bai taɓa gaya mata ba. A daminar ƙarshe ta shagon rufi ya yi yoyo a kan kwalin da ya adana fina-finan hotunansa, duk suka narke suka haɗe wuri ɗaya, har da ainihin hoton. Ɗan faifan kuma ya ɓace wajen kwashe kaya. Inuwar nan ita kaɗai ta rage. Ga shi ita kanta Maman Auta ta fi shekara goma ba ta yarda a ɗauke ta hoto, tun da haƙorinta na gaba ya fita. Da ta ga kyamara sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aiki a wani gari, ita ta ɓallo ruwan. Ta aiko musu da sabuwar talabijin mai LED, siririya kamar faranti, da hannu ɗaya ma sai ka ɗaga ta. Maman Auta ta yi shewa, sannan ta yanke hukunci: tsohuwar ta bar gidan kafin Asabar, ko ta kira masu sayen ƙarafa su farfasa ta. Auta kuwa, da yake ba ta san dawan garin ba, ta sa talla a waya.

Mutum biyu na farko da suka zo saye bai sha wahalarsu ba. Ya gaya wa ɗaya tana cin wuta har mita ta riƙa gudu kamar fanka, ya sa ɗayan kuma ya gwada ɗaga ta. Dukansu suka ce za su dawo. Ya raka su har bakin titi yana ta godiya, ya dawo yana yi wa Maman Auta fuskar tausayi, wai kasuwa ta mutu.

Ranar Juma'a da hantsi mutum na uku ya zo, wani mai aski mai yawan fara'a da ya buɗe sabon shago, yana neman abin da masu jiran layi za su riƙa kallo. Malam Murmushi ya kunna masa wani shiri mai launuka barkatai, inda inuwar ba ta cika fitowa ba, ya fara karatunsa.

"Ɗana, gaskiya zan gaya maka, nauyi gare ta. Sai ƙarti uku."

"Ai a bango zan kafe ta, Baba, ba goya ta zan yi ba."

"Ga zafi. Sa hannunka nan ka ji, kamar murhu."

"Madalla, tawul ɗina za su riƙa bushewa da wuri."

Malam Murmushi ya share zufa. Yana laluben wani aibin, sai mai askin ya kalli sabuwar da ke jingine a gefe, ya ce, "Abu ɗaya ne dai ke sa ni jinkiri. An ce mini irin waccan ta fi wannan hoto nesa ba kusa ba."

Da ma shiru ya yi. Shiru kawai, mutumin ya kama hanyarsa. Amma ina, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi.

"Wa ya gaya maka?"

"Haka dai ake faɗa."

"To zauna."

Ya jona sabuwar, ya jera su kafaɗa da kafaɗa, ya sauke labule, ya kamo tasha ɗaya a dukansu. Aka nuno wani mutum da baƙar riga. "Kalli rigar nan a waccan. Baƙa ce? Toka-toka ce, kamar an wanke ta sau ɗari. Saboda fitila ce a bayan gilashin, kullum a kunne, sai dai a yi ta ƙoƙarin tare ta. Yanzu kalli tawa. Kowane ɗigo da wutarsa, inda ake son duhu sai ya lafa. Ka ga har aljihun rigar?"

"Wallahi na gani."

"Tashi ka koma can jikin ƙofa." Mai aski ya koma. "Fuskar mutumin a waccan fa?"

"Ta koɗe, Baba, kamar marar lafiya."

"A tawa?"

"Tana nan yadda take."

"To masu jiran layinka a gefe za su zauna ko a tsakiya?" Bai jira amsa ba ya murɗo tashar ƙwallo, ya nuna masa yadda ƙwallon ke jan wutsiya a sabuwar in an buga ta da ƙarfi, a tsohuwar kuwa take tafiya a dunƙule. Ya ce a duk zamanin nan guda ɗaya yake sara wa, wadda ake kira OLED, don ita ma kowane ɗigo da haskensa, amma kuɗinta sai ka sayar da kujerun askinka, kuma ita ma in ka bar mata hoto ɗaya riƙe shi take yi. Yana magana yana zagaye falo, yana kaɗa rimot, idonsa na ƙyalli. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun yana da shago.

"Nawa, Baba?"

A nan ya farga. Ya yi maza ya faɗi farashin da shi kansa ya san rashin kunya ne, ninki biyu na abin da Auta ta rubuta.

"Na saya," in ji mai aski, ya kamo hannunsa ya girgiza.

Malam Murmushi ya zauna a hannun kujera. Da bakinsa ya sayar da ita. Yanzu matarsa za ta tafi shagon aski, ƙarti su yi layi suna kallonta daga safe har yamma, ana yayyafa mata gashi. Kuma ya ba da hannu, shi da bai taɓa tayar da magana ba tun da yake. Kuka kawai ya rage ya yi.

"Saura gwaji ɗaya," in ji mai askin. "Wani abokina mai gyara ya ce kada in ɗauki filasma sai na sa mata fili mai launin toka, ba komai a kai." Ya zaro ɗan faifai daga aljihu ya soka. Gilashin ya koma toka fes, sai ga ta nan ɓaro-ɓaro, ba mai labarai, ba ƙwallo, ita kaɗai.

Daidai nan Maman Auta ta shigo da ruwa a tire. Ta kalli gilashin ta ja tsaki. "Ka gani ko, ɗana? Fatalwar ke nan. Ɗauke ta, Allah ya yi maka albarka."

Mai aski ya karkata kai. "Mama, ai wannan a juye take. Bari ki gani." Ya ɗauki gilashin da wayarsa, ya ɗan latse-latse, ya juya launin, ya ƙara masa ƙarfi. Sai ya ce, "Kai. Baba, wace ce wannan? 'Yar fim ce?"

Ta ajiye tiren ta karɓi wayar. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, amma komai na nan: yarinya ta jefa kai baya, ido ya kusa rufewa, haƙora reras farare tas, hannu ɗaya ya taso zai rufe baki bai kai ba. Ta daɗe tana kallo. Malam Murmushi ya leƙo ta kafaɗarta, shi da ya rantse ba abin kirki da zai fito daga waya, ya ƙura wa wayar ido.

"'Yar fim ɗin gidanku," ta ce da mai askin, amma bakinta ya ƙi rufuwa. "Ni ce nan, ranar da wannan bawan Allah ya faɗa bokiti." Ta juya. "Baban Auta, ɗauko masa na takardar ya ga yadda yake da kyau."

Ya sunkuyar da kai. "Babu shi, Maman Auta. Ruwa ya cinye shi tun a shago, da fim ɗin da komai. Wannan ɗin kaɗai ya rage. Na kasa gaya miki."

"Shi ya sa kasuwa ta mutu?"

"Shi ya sa."

"Kuma ka sayar?"

"Ya ce LED ta fi ta hoto," in ji shi, a hankali.

Dariyar da ta kama ta sai da ta dafa bango. Ta yi ta yi har hawaye, ta manta da haƙori, ta manta da baƙo. Da ta samu numfashi ta goge ido da gefen mayafi ta fuskanci mai aski.

"Ɗana, mijina ba ya tayar da magana, ya sayar maka da talabijin, ta zama taka. Amma fuskar tawa ce, ni kuma ban sayar ba. Ka cire mini ita ka ajiye a nan, ka kira ƙartinka uku ku ɗauki sauran."

Mai aski ya kalle ta, ya kalli gilashin, ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya. "Mama, na janye. Ni ma in aka kai ta shago ba wanda zai tsayar da kai a yi masa aski."

"Ka tura wa 'yata hoton nan, sannan ka goge shi a gabana." Ya tura, ya goge. Ta nuna sabuwar da haɓa. "In kana son waccan mai koɗaɗɗiyar fuska, ku daidaita da Auta."

Ya sha ruwansa ya tafi, ya ma bar musu ɗan faifan kyauta. Malam Murmushi ya raka shi bakin titi, ya dawo kusan da gudu. Ya tarar da Maman Auta tsaye a gefen talabijin, ta gyara ɗaurin kai, ta sa kafaɗarta daidai da ta yarinyar da ke gilashin.

"Kyamarar taka tana aiki kuwa, ko ita ma ruwa ya cinye ta?"

Ya shiga ɗaki, ana jin akwatuna suna faɗuwa. Ya fito da ita da ƙafafunta uku, ya kafa, ya ɗaga labule ɗaya don haske ya sauko ta hagu. Ya cire murfin gilashin kyamarar. Ya sa ido a kyamara, ya buɗe baki zai faɗi abin da ya faɗa wa dubban mutane, sai ta riga shi.

"Ka yi a hankali da wayar nan ta bayanka," in ji Maman Auta. "Yau ba bokiti."

Tana faɗa dariyar ta sake ƙwace mata, giɓin haƙorin a fili, hannu ya taso zai rufe baki. Kafin ya kai, Malam Murmushi ya matsa.