Gawo a Gonar Aro

Ba na son bi ta gonarmu ta gabas da damina. Lokacin ne gawo ke zubar da ganye, ya tsaya tsirara alhali ko'ina ya yi kore shar. In na ga itatuwan nan a tsaitsaye sai in ji kamar akwai mai jiran in gaishe shi.

Mutumin da ya raine su ba ɗan ƙasar nan ba ne. Daga arewacin Kamaru ya zo yana saurayi, ya biyo masu korar shanu, ciwo ya kayar da shi a ƙauyenmu, gefen Dogo-Dogo. Kakana ya yi jinyarsa, ya ba shi ɗaki kusa da zaure, ya ara masa wata gona da ta gaji, rairayi zalla. Ni na tashi na tarar da shi da furfura, muna ce masa Baba. Har ya tsufa Hausarsa ba ta miƙe ba, mu kuwa ba ma raga masa da tsokana.

A al'adarmu baƙo ba ya dasa itace a gonar aro, don wanda ya dasa kamar ya ce ƙasar tasa ce. Baba bai taɓa karya wannan ba. Amma in ana sassabe, kowa na sare tohon gawo yana ƙonewa, shi sai ya tsuguna ya zaɓi reshe mai ƙarfi, ya datse sauran, ya ɗaura masa tsumma don kada hauya ta same shi. Wata rana baffana ya tsare shi.

"Malam, dashe kake yi mana a gona?"

"Ni?" in ji Baba. "Allah ya dasa. Ni dai ban sare ba."

Gonar ta farfaɗo. Gero a gindin gawo ya fi mutum tsayi, awaki suka samu abin ci da rani. Maƙwabta suka kwaikwaya, har da waɗanda suka yi masa dariya.

Sai aka zo da maganar takarda. Aka ce duk baƙo sai ya mallaki takardar zama, wanda ya saukar da shi ma sai ya sanar. Mai gari ya ce shi bai san da wani baƙo a garinsa ba, amma maganar ta fi ƙarfinsa. Babana ya goya Baba a babur suka je biro, ofishin hukuma, aka ce sai ya kawo shaida daga ƙasarsu tukuna. Wace ƙasa, jama'a? Mutumin da ya sa kakana a kabari da hannunsa! Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Baba ya ji tsoron kada a taɓa babana saboda shi. Ya ce zai je ya karɓo, ya dawo kafin shuka. Na ce, "Baba, wa ya rage maka a can?" Ya yi dariya ya ce, "Ke dai 'yar nan, ki hana yara janye ƙaramin gawon nan na bakin hanya, bai yi ƙwari ba." Ya ɗauki buta da tabarma, ya bar gatarinsa rataye a zaure.

Aka yi shuka, aka yi girbi. Mun tambayi direbobi, mun tambayi masu shanu, shiru kamar an shuka dusa. Ko ya isa ma ba mu sani ba. Ba mu yi masa sadakar mamaci ba, don ba wanda ya ce ya mutu. Innarmu har yanzu takan share ɗakinsa, kuma ba mai taɓa gatarin.

Kwanan baya ina gonar, wani ma'aikaci ya tsaya da babur kusa da ƙaramin nan, wanda tsummansa ya koɗe amma yana nan. Ya yi ta yabo, ya ce irin wannan ƙasa ke buƙata, zai kawo mutane su gani. Sai ya ce, "Baiwar Allah, wa ya dasa muku su?"

 Na kalli tsumman nan na ce masa, "Ba wanda ya dasa."